Shekarar da Babanku Ya Ajiye Ladanci

Akwai maganar da na gaji da jinta a gidan nan, kuma kafin Allah ya karɓi abinsa sai na kashe ta. Tun rasuwar Malam, duk wanda ya zauna a cikinku yana tuna baya, ba ya tashi sai ya ce Dije ce ta jawo aka raba Baba da ladanci. Kai Sani har a gaban 'ya'yanka ka faɗa, shi ya sa ƙaramarsu ta zo tana tambayata wai da gaske ne Gwaggo Dije bokanya ce. Da ta zo ta'aziyya daga wannan uwa duniya, idanu a kumbure, kuka bar ta ita kaɗai a kan tabarma sai ka ce baƙuwar da ta ɓata gida. Na gani, na haɗiye, saboda akwai alkawari a wuyana. Yanzu wanda na yi wa alkawarin yana ƙasa, Liman ma ya bi shi bara, a garin nan saura ni kaɗai da na san yadda aka yi. Don ya kare ku ya sa ni yin shiru, ba don ya raba ku ba, saboda haka yau zan buɗe baki, Allah ya yafe mini.

Ku kun tashi kun tarar da babanku Malam Audu Ladan, da farar riga da carbi, kuna tsammanin haka aka haife shi. Sunan da uwarsa ta raɗa masa Nomau. A wata unguwar Maguzawa ya girma, can bayan Bunkure, tun ba a haƙa kanal ba, lokacin da in damina ta wuce ƙasar nan sai ta bushe ƙamas har wata shekara. Kakanku, mahaifinsa, shi ake tambaya ranar shuka, kuma ba ya duba komai sai sama. In taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta suka ɓuya da yamma, ya san lokacin shara ya yi. In suka sake ɓullowa da asuba, ya san damina ta zauna. Yakan kuma yanka baƙar akuya a gindin tsamiya kafin a sa fartanya a ƙasa, wannan ma ba zan ɓoye muku ba. Da aka zo aikin kanal babanku ya shiga leburanci, ya zauna da Musulmi, ya riƙa jin wani direban katafila yana kiran salla a bakin ramin da suke haƙa. Ya ce tun daga nan abin ya shiga ransa. Ya musulunta, ya zauna da gemunsa a cikin yara yana koyon baƙi, ana yi masa dariya yana yi.

Ni kuwa 'yar cikin garin Kura ce, gidanmu gidan karatu. Da ya fito neman aurena, gwaggona ta ƙi cin naman bikin, ta ce ba ta san hannun da ya yanka ba. Shekaru ya yi yana salla a sahun baya, in ya matso gaba sai ka ga wani ya gyara tsayuwa. Sai ya dawo gida ya yi ta gyaran fartanyar da ba abin da ya same ta. Ranar da tsohon ladani ya kwanta ciwo aka rasa mai kira, shi ne ya hau matakalar ƙasar nan da ke jikin masallaci, lokacin ba lasifika, ya ɗora hannu a kunne. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai da na ajiye rariyar. Ban san yana da wannan murya ba, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Daga ranar ba a sake neman wani ba, aka ba shi makullin masallaci, ya sa masa igiya ya rataya a wuya. A wurin wani ladanci aiki ne. A wurin babanku shi ne shaidar cewa garin nan ya karɓe shi.

Wayyo, ina ma a ce kun san asubar wancan zamani da hankalinku. Ni ina hura wuta a ƙarƙashin durom ɗin turara shinkafa, kwaɗi suna ta yi a fadama, ruwa yana gudu a ƙaramin kanal na bayan gida, sai muryarsa ta tashi ta bi ta kan gonaki. Fulanin da ke ƙetaren kanal sun ce da ita suke tashi tatsa. Masu ban-ruwan da suka kwana a gona suna tsaron layinsu, da ita suke sanin lokacin toshe bakin ruwa ya yi. Yana dawowa zai tsaya a kaina ya ce hayaƙina ya shiga masa maƙogwaro, ni kuma in ce da shinkafar hayaƙin nan ake yin tuwon da ke ba shi ƙarfin ihun. Haka muke kullum, ba ma gajiya. Ina kewar wannan faɗan fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Abu ɗaya ne ya binne tun da ya musulunta, shi ne sama. Ya san lokacin asuba da taurari fiye da kowane agogo, amma sai ya sayi agogo ya ɗaura, ya riƙa dubawa a gaban mutane don kada a ce da ilimin ubansa yake kiran salla. Ku tuna da kyau, akwai wanda ya taɓa nuna wa tauraro ko ɗaya a cikinku? Babu. In yana tafiya da yamma, kansa a ƙasa yake.

Sai Allah ya kawo Dije, auta, bayan na ɗauka na gama. Yarinya ce mai shegen lissafi, tun tana ƙarama in na auna shinkafa ita ke gaya mini na yi kuskure, kuma da gaskiyarta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta yi jami'a a Kano, ta ƙara wani karatun a kai, mu duk a zatonmu malamar makaranta za ta zama. A shekarar da nake ba ku labari, farkon damina, ta dawo gida da wata magana. Muna tsakar gida da la'asar sakaliya, ina kwashe shanya saboda hadari, Malam yana kan buzunsa, ta durƙusa ta ce an ɗauke ta wani karatu a ƙasar waje, za a ɗauki nauyinta, tafiya kafin kaka. Na ce karatun me kuma, bayan wanda aka yi? Ta ce neman wata duniya za su yi.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce duniyoyin da ke kewaya rana waɗanda aka sani takwas ne, tamu tana ciki. Na ce ƙarya ne, tara Sani ya haddace a firamare, da kunnena na ji. Ta yi dariya ta ce an sauke guda saboda ƙanƙanta, na ce Allah sarki, ashe har can ma ana sauke mutum. Ta ce to wasu masana suna zaton akwai wata babba, ta ninka tamu, can nesa ƙwarai a bayan sauran, inda in ka tsaya rana ba za ta fi tauraro mai haske ba, kuma kafin ta kewayo sau ɗaya sai an yi dubban shekaru. Ba wanda ya taɓa ganinta. Abin da aka gani shi ne wasu ƙananan duwatsun ƙanƙara da ke yawo a can, hanyoyinsu duk sun karkata waje guda, kamar akwai abin da ke jan su. Aikinta shi ne ta zauna da kwamfuta ta yi lissafin inda ya kamata a juya manyan na'urorin hangen nesa. Ta ƙara da cewa ba tabbas, mai yiwuwa a same ta, mai yiwuwa babu ita sam. Ni dai na ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Sai babanku ya ɗago ya dube ta.

"Wato garke kuka hango daga nesa, shanu duk sun fuskanci waje ɗaya, makiyayin ne ba ku gani ba."

"Haka ne, Baba. Wallahi haka ne."

"To yana nan. In ba shi, da sun watse."

Washegari da ya tashi zai tafi kiran asuba, na ji ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ina madafa ina jin su. Ya tsaya da ita a tsakar gida yana nuna mata gabas, inda Kaza take ɓullowa, yana gaya mata sunayen da kakanku yake kiran taurari da su da abin da kowanne yake nufi ga manomi, ita kuma tana gaya masa nata sunayen na boko. Murya ƙasa-ƙasa yake yi, kamar mai tsoron kada katanga ta ji. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya ɗaga kai haka ba. Ranar har ya kusa makara.

Da a nan aka tsaya, da ba abin da ya faru. Amma akwai Iya Abu, maƙwabciyarmu da muke turara tare, wadda ke shirin aurar da 'yarta. Wata rana muna aiki, mata cike da gida, tana ba mu labarin an sa ranar kai amarya, Juma'a ce ta tsakiyar wata mai zuwa, an zaɓe ta don farin wata, a yi tafiya ba sai an nemi fitila ba. Dije tana gefe tana tsince mini tsakuwa, sai ta ɗago ta ce, ba da wata manufa ba, gara su tanadi fitila, domin ranar wata zai yi husufi bayan isha'i. Mata suka kwashe da dariya. Iya Abu ta ce to Malama, sai ki gaya mana ko ango zai yi kirki. Ni ma na yi dariyar, aka ci gaba da aiki, kowa ya manta.

Ranar ta zo. An yi yayyafi da rana, sama ta washe, wata ya fito tas. An fito da amarya ke nan ana guɗa, an hau kan gaɓar kanal za a bi zuwa unguwar ango, sai gefen wata ya fara cinyewa. Kafin a kai kwalbati ya koma ja kamar manja. Yara suka watse suka ɗebo gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna bugawa suna zagaya gari, yadda aka saba, wai rana ta kama wata sai an roƙe ta ta sake shi. Maza suka nufi masallaci, babanku da kansa ya yi kiran sallar husufi. Mu kuwa muna tsaye a duhu da amarya tana kuka, ba fitila ko ɗaya sai ta waya. Na juya na ga Iya Abu ba sama take kallo ba, Dije take kallo.

Gari na wayewa aka fara sallama. Wata ta zo da goro a ɗaure a gefen zane, tana so a duba mata ranar da ta dace ta koma ɗakinta. Wani ya zo tambayar ko ya shuka tumatir bana ko albasa. Da farko Dije dariya take yi, tana cewa ita lissafi kawai ta sani, kuma husufi ko a kalanda ana rubuta shi tun shekara ba ta kama ba. Ba mai saurara. Wanda ta sallama sai ya fita yana cewa ai ba ta yi wa talaka aiki, manya take yi wa, shi ya sa za a kai ta waje. Sai wani mutumin wajen Madobi da aka sace wa injin ban-ruwa ya zo da baƙin zakara. Ba ta ma fito ba, ta aika a ba shi haƙuri. Shi kuma, wai don kada a ce ya yi rowa, ya ɗaure zakaran a zaurenmu ya yi tafiyarsa. Masu wucewa sallar azahar duk suka gani: baƙin zakara a ɗaure a zauren ladan. Da kaina na kwance shi na hau babur na mayar masa, na kuma wanke mutumin tas a gaban matansa, amma ina, ido ya riga ya gani. Rediyo fa ta faɗi husufin nan tun ana jibi, samarin garin kuma duk sun gani a wayoyinsu. Sai dai rediyo ba ta da kaka Bamaguje.

Maganar da na ɗauka ta mutu tun kafin a haife ku, sai ga ta da ranta. A bakin kanal, a wurin injin casa, a kasuwar Bunkure, ana cewa jini ya motsa, abin da uba ya ɓoye ya fito a jikin 'ya. Har aka samu masu cewa ba sani ta yi ba, ita ta sa aka kama watan. Sahu ya fara raguwa. Wasu samari suka koma salla a masallacin bakin titi, suna cewa ba za su amsa kiran mutumin da ake duba a gidansa ba. Babanku yana fita yana dawowa kamar bai ji ba, amma tuwonsa ya daina ƙarewa.

Liman ya zo da kansa, shi kaɗai, ya zauna a zaure. Ina bayan ƙofa, ba na jin kunyar faɗa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce shi ya san bambancin ilimin falaki da duba, malaman da can sun karanta shi, da shi ma ake gane alƙibla. Amma jama'a ba littafi suke karantawa ba, zakara suka gani. Ya ce dattawa sun zauna, ga shawararsu: yarinya ta haƙura da tafiyar nan, ta karɓi koyarwa a makarantar 'yan mata ta Kura, in aka ga tana fita da safe tana dawowa kamar kowa, magana za ta mutu da kanta.

"In kuwa ta tafi karatun taurari a ƙasar da ba a salla, Malam Audu, cewa za a yi ƙari ta je yi. Ni kuma ba zan iya riƙe maka masallacin ba. Ka yi tunani zuwa Juma'a ta sama."

"Na ji, Allah gafarta Malam."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kai Sani ka tuna abin da ka yi da yammar ranar. Ka tsaya a tsakar gida kana ɗaga murya, kana cewa Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana wanke sunan gidan nan, ita ta zo ta ɓata shi da baki ɗaya, kuma ku ne za ku zauna a garin kuna sunkuyar da kai bayan ta hau jirgi. Ban ga laifinka ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Surukanka sun fara yi maka wani gani-gani, kuma kana son ubanka. Amma daga nan ka koma gidanka, abin da ya biyo baya ba ka nan.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Dije ta same ni a bakin wuta. Ta zauna tana tura ɓuntu a murhu, ba ta kalle ni ba. Ta ce ta fasa. Ta riga ta kwashe kayanta daga akwati, har rigar sanyin da muka sha wahalar nema a Kano ta ninke ta ajiye. Ta ce gobe bayan asuba za ta gaya wa Baba, daga nan ta je ta nemi koyarwar. Ba ta yi kuka ba, hayaƙi ne kawai ya dame ta, in ji ta. Ni kuwa daɗi na ji har cikin raina. 'Yata za ta zauna kusa da ni, mijina zai riƙe makullinsa, me ya fi wannan? Malam na dawowa daga gona na tare shi da albishir tun bai ajiye fartanya ba. Ya dube ni, ya ce in ba shi ruwa. Ya yi wanka, ya ce in ɗauko masa rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Ya tafi la'asar bai dawo ba.

Da magariba ta yi ya kira salla. Ku da kuka ji ta ba ku san ta ƙarshe ba ce, ni ma ban sani ba, amma na tsaya da ludayi a hannu, don ya ja ta fiye da kullum, kuma muryar ta fita tas kamar ta shekarun farko. Da ya shigo gida na duba wuyansa, ba igiya. Ya zauna a buzu ya ce a kira masa Auta.

"Na ji kin kwashe kaya. Ki mayar."

"Baba, na riga na yanke. Ba zan zama sanadin..."

"Na mayar wa Liman makulli. Na kuma rantse a gabansa ba zan sake karɓa ba, ko an kawo mini har gida. Yanzu ko ki zauna ko ki tafi, ladanci ya wuce. In kin zauna, kin zauna a banza."

Nan ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa tana cewa ya koma ya warware, za ta yi azumin kaffarar a madadinsa. Ni kuma na hau shi da faɗa, na ce wane irin mutum ne kai, an kawo maka sauƙi har gida ka sa ƙafa ka shure. Ya bar mu muka yi muka gaji.

"Babana ya san sama, bai san Allah ba. Ni na samu Allah, na sunkuyar da kai don a bar ni in tsaya a sahu, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ke an haife ki a cikin sahun. Ba wanda zai sa ki sunkuya don a bar ni da lasifika."

Sannan ya sa mu alkawari, mu biyu. Ya ce a bar gari ya ɗauka dattawa ne suka karɓe. In aka ji shi da kansa ya ajiye masallaci saboda taurari, za a ce lallai ya koma gidan jiya, kuma ba shi zai ɗauki wannan ba, 'ya'yansa maza da ke zaune a garin da jikokinsa ne za su ɗauka. Wanda aka sauke ana tausaya masa, 'ya'yansa su ci albarkacin tausayin. Ya dubi Dije ya ce ta sani fa yayyenta za su ɗora mata laifin, ko za ta iya? Ta share ido ta ce za ta iya. To kun ji. Duk shekarun nan da kuke ƙin ɗaga wayarta, ta san kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ba ta faɗa ba. Lafiyar da kuka zauna da ita a garin nan, ita ta biya.

Asubar farko ita ce ba na son tunawa. Ya farka a lokacinsa, ya zauna a bakin gado, ya kai hannu wuya, ya sauke. Wani saurayi aka sa ya yi kiran, muryarsa na rawa a lasifika. Da ya zo wurin da ake cewa salla ta fi barci, ya ja ba daidai ba, sai na ji babanku ya gyara masa a hankali, a cikin ɗaki, ba wanda ya ji sai ni. Ya tashi ya yi alwala ya tafi, ya tsaya a sahu kamar kowa. Haka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa fashi ba. Da ya dawo ya wuce ni a bakin wuta bai ce komai a kan hayaƙi ba, kuma bai sake cewa ba har ya bar duniya.

Ranar tafiyarta shi ya ɗauki akwatin a ka har bakin titi, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, mutane suna leƙe ta kan katanga. Bai ɓuya ba, ta tsakiyar gari ya bi, yana gaisawa da kowa. Ku ba wanda ya zo rakiya.

Magana kuwa ba ta yi shekara ba ta mutu. Tsutsa ta faɗa wa tumatir, aka samu abin tattaunawa. Iya Abu da bakinta ta zo daga baya tana roƙon lambar Dije, wai jikanta yana son karatun kimiyya. Dattawa sun aiko sau biyu a mayar masa da makulli, ya ce ya gode, murya ta tsufa. Dije kuma tana can, shekara na bin shekara, in ta kira sai ta ce sun duba wani yanki na sama, babu, sun matsa gaba. A ciwonsa na ƙarshe na kara masa waya a kunne, ina jin abin da take faɗa. Tana kuka tana cewa har yanzu ba su ga komai ba, wasu masanan ma sun fara cewa mai yiwuwa babu ita, ta sa ya yi asarar abin da ya fi so a banza. Numfashinsa ya yi nauyi lokacin, sai da ya huta kafin ya amsa.

"Ban ajiye don ki samo ba, Auta. Don ki duba na ajiye."

Kwanan nan Dije ta ce mini za ta zo da Babbar Salla. Ta tambaya ko ta sauka a masauki a Kano ta riƙa zuwa tana gaishe ni da rana, don kada ta takura wa kowa. 'Yar Malam Audu, a masauki. Na ce mata ɗakinta yana nan, na sa an yi masa shafe. Ni ƙafata ba ta kai ni filin jirgi yanzu. Sani, kai za ka je, ka kuma tafi da ƙaramar 'yar nan taka. In ta fito kada ka tambaye ta ko ta samo, ba ta samo ba. Ka karɓi akwatin, ka biyo da ita ta tsakiyar gari.